Yadda na shawo kan ƙwaron dankali da Beauveria

Alhamdu lillahi, dankalin Hausa na noman ranina ya daina ɗaci. Ƙwaron nan mai dogon baki, Cylas, shi ke bin tsagar ƙasa ya saka ƙwai a jikin dankali, tsutsarsa ta huhhuda shi, ya yi ɗaci.

Na fesa garin Beauveria bassiana, naman gwarin da ke kashe ƙwari, amma shiru. Na zargi jabu ne. Sai na kama ƙwari na barbaɗa musu garin, na rufe su a kwalba da jiƙaƙƙen tsumma. Bayan kamar mako suka mutu, farin abu kamar auduga ya lulluɓe su. Ashe maganin na da rai, rana da bushewa ke kashe shi a gona.

Ga abin da ya yi aiki. Na wanke famfon feshi tas da sabulu, don ragowar maganin ruɓa na kashe naman gwarin. Na yi ban ruwa tukuna. Na dama garin da ruwa mai sanyi bisa awon da ke jikin leda, na yi feshi dab da magariba, bakin famfo a gindin shuka, ba kan ganye ba. Washegari na tara ƙasa a kunya, na toshe kowace tsaga.

Godiya ga malamin gonarmu da ya koya min gwajin kwalba.