Yadda Ake Sarrafa Itace Ya Zama Kullun Selulos Mai Narkewa

Yadin biskos mai santsi kamar siliki, da ledar selofen, da matatar da ke gindin sigari, da farin garin da ke riƙe ƙwayar magani don kada ta marmashe, duk tushensu ɗaya ne: kullun itace da aka tsarkake har ya zama kusan selulos zalla, wato sinadarin da ya gina zaren itace. Mai sayen wannan kullu ba takarda zai yi da shi ba. Narkar da shi zai yi a cikin sinadari, ya tace, sannan ya tura shi ta wasu huji da faɗinsu bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Duk abin da ya ƙi narkewa a wurin tacewar zai maƙale, aiki ya tsaya. Idan aka riƙe wannan a zuciya, dalilin kowane mataki da ke tafe zai fito fili.

Busasshen itace abu uku ne a haɗe: selulos wajen kashi 40 zuwa 45 cikin 100, hemiselulos kashi 20 zuwa 35, sai liginin kashi 20 zuwa 30, wanda shi ne ke manne zaruruwan itacen da juna. Mai yin takarda liginin kawai yake son kawarwa. Hemiselulos amfani yake masa, yana ƙara wa takarda ƙarfi da nauyi. A nan kuwa hemiselulos abokin gaba ne. Ana so selulos ya haura kashi 90, na wasu ayyukan ma har 96 ko fiye. Shi ya sa daga tan 100 na busasshen itace da ƙyar a samu tan 35 zuwa 40 na kullu, alhali masu takarda kan samu kusan rabi.

Mataki na farko: itace da daddatsa shi

An fi amfani da itacen turare, wato yukaliftus, a Burazil da Afirka ta Kudu, sai itatuwan bic da sufurus da fain a ƙasashen sanyi. Ana zuba gungume a cikin wata ƙatuwar ganga mai juyawa, suna gugar juna har ɓawo ya saluɓe. Ɓawon da ya rage kada ya wuce kashi 1 cikin 100, domin shi ne ke kawo toka da ƙaro da baƙaƙen ɗigo. A wanke yashi da kyau. Silika, wato sinadarin yashi, ba ta narkewa a wurin mai saye, kuma tana cinye wuƙaƙen inji.

Daga nan inji ya daddatsa itacen gutsi-gutsi, tsawon milimita 20 zuwa 30, kauri 3 zuwa 8, a tankaɗe. Kaurin ya fi tsawon muhimmanci. Guntun da ya yi kauri da yawa, sinadari ba zai ratsa cikinsa ba, sai bayansa ya dahu cikinsa na ɗanye. Gari kuma yana toshe rariyar tukunya, ya hana ruwa zagayawa.

Mataki na biyu: cire hemiselulos kafin dahuwa

Hanyoyi biyu ne a duniya. Akwai tsohuwar hanyar salfait mai asid, akwai kuma hanyar kiraf, wato dahuwa da soda, da ake fara ta da turarawa. Sababbin masana'antu galibi ta biyun suke bi, don haka ita za mu bi, mu waiwayi ɗayar daga baya.

Dalilin turarawar shi ne dahuwar kiraf ita kaɗai ba ta iya fitar da hemiselulos yadda ake so. Ruwan soda yakan narkar da wani ɓangare, amma idan ƙarfinsa ya ragu a ƙarshen dahuwa, sai abin da ya narke ya dawo ya kwanta a jikin zaren. Dole a karya shi tun kafin soda ta shigo.

Ana cika tukunyar matsi da guntayen itace, a rufe, a sakar musu tururi ko ruwan zafi na digiri 160 zuwa 180 a ma'aunin Salshiyos, daga rabin awa zuwa awa biyu ko uku. Ba a zuba asid daga waje. Zafin ne ke sa hemiselulos ya saki asid ɗin asetik, irin na binega, ma'aunin pH ya sauko zuwa 3 ko 4, sai wannan asid ɗin ya juyo ya yanyanka hemiselulos ɗin zuwa ƙananan sukari masu narkewa a ruwa. Masu aiki ba sa kallon agogo shi kaɗai, ko zafi shi kaɗai. Suna haɗa biyun a lissafi ɗaya da suke kira lambar P, saboda ƙarin digiri 10 kacal yakan kusan ninka saurin aikin ko ma fiye.

A nan ne gwani ke bambanta da ɗan koyo. Idan aka gaggauta, hemiselulos zai rage, kullu ya faɗi a gwajin tsarki. Idan aka zarce, abu biyu za su faru: sarƙar selulos kanta, wato dogon jerin ƙwayoyin sukari da ya gina shi, za ta fara tsinkewa, liginin kuma ya dunƙule ya taurare har dahuwa ta kasa fitar da shi. Ga kuma ruwan da ya fito daga turarawar, wanda idan ya huce yakan ajiye wani baƙin danƙo kamar kwalta a cikin bututu da famfo. Don gudun haka ne masana'antu da yawa ba sa janye ruwan, sai su kashe asid ɗinsa a cikin tukunyar da ruwan soda mai zafi kafin su wuce gaba.

Mataki na uku: dahuwa

Ana shigar da abin da ake kira farin ruwa, wato haɗin soda mai ƙuna da sodiyam salfaid. Yawan sodar yakan kai kashi 18 zuwa 25 na nauyin busasshen itacen, ruwa kuma wajen lita huɗu ga kowane kilo. Ana dafawa a digiri 150 zuwa 170. Salfaid ɗin shi ke hanzarta karya liginin, ta yadda za a gama kafin soda ta yi wa selulos illa sosai. Ragowar liginin ana auna ta da lambar kafa. Ga itacen turare akan tsaya a wajen 10. Neman a sauke ta ƙasa da haka da ƙarfin wuta asara ce, don abin da za a rasa na selulos ya fi abin da za a samu.

Bayan dahuwa a wanke kullu, a tace ƙulli da ɗanyun guntaye. Baƙin ruwan da ya fita ba a zubar da shi. Ana ƙafe shi har daskararren abin da ke ciki ya kai kashi 65 zuwa 80, a ƙona shi a babban murhun masana'anta. Liginin ya ba da tururi da lantarki, narkakken gishirin da ya taru a ƙasa kuma a jiƙa shi, a haɗa da farar ƙasa, ya koma farin ruwa. In ba don wannan zagayen ba, babu masana'antar da za ta ci riba.

Hanyar salfait, a taƙaice: ana dafa itacen a ruwan baisalfait na magniziyam ko kalsiyam mai ɗauke da iskar farar wuta, pH 1.5 zuwa 2, zafi digiri 130 zuwa 145. Asid ɗin yana cire liginin da hemiselulos a lokaci guda. Sharaɗinta shi ne ruwan ya ratsa itacen sarai kafin a ɗaga wuta, in ba haka ba dahuwar ta yi baƙi ta lalace gaba ɗaya. Ba ta kuma jituwa da fain, saboda wasu sinadarai da ke zuciyar itacen. Masana'antar Saiccor ta kamfanin Sappi da ke Umkomaas a Afirka ta Kudu, wadda ta fara aiki a 1955, da ita take aiki, haka ma Lenzing a Ostiriya da Borregaard a Norwe. Kullun salfait ya fi saurin karɓar sinadari, kuma liginin ɗinsa ana sayar da shi don sassauta kwaɓin kankare. Borregaard har ƙamshin banila take fitarwa daga gare shi.

Mataki na huɗu: bilicin da daidaita sarƙa

Ana fara da iskar oksijin da soda a digiri 90 zuwa 110, wanda kan rage kusan rabin liginin da ya saura. Sai kulorin dayoksaid, sai wanki da soda, sai haidurojin feroksaid, har farin ya kai kashi 88 zuwa 92 a ma'aunin ISO. Wasu masana'antu sun bar dangin kulorin kwata-kwata, sun koma ozon da feroksaid.

Kuskure ne a ɗauka fari kawai ake nema a nan. A wannan matakin ake daidaita tsawon sarƙar selulos, wanda ake ganewa ta kaurin ruwan idan an narkar da samfur a ɗakin gwaji. Masu biskos sukan nemi 400 zuwa 600 a ma'aunin mililita kan kowane giram, kuma abin da ya fi damunsu shi ne lodin yau ya yi daidai da na jiya, domin injinansu an saita su ne a kan lamba ɗaya. A nan ne kuma ake wanke ƙarafa da asid. Baƙin ƙarfe da manganis suna sa feroksaid ya tsinka sarƙa barkatai, kalsiyam kuma yana toshe hujin zare. Saboda haka ruwan wankin ƙarshe dole ya zama tatacce, wanda aka cire wa gishiri.

Idan ana son tsarki na ƙoli, irin na asitet, wato selulos da ake haɗawa da asid ɗin asetik, sai a ƙara jiƙa kullun a ruwan soda mai sanyi, ƙarfin kashi 5 zuwa 10, zafi digiri 25 zuwa 45. Yana kwashe ragowar hemiselulos, amma yana cin soda, kuma idan ƙarfin ya zarce yakan sauya tsarin selulos ɗin ya rage masa karɓar sinadari.

Mataki na biyar: busarwa

Ana shimfiɗa kullun ya zama faifai mai kauri, a matse, a busar har danshi ya rage wajen kashi 7 zuwa 10, a yanka a ɗaure, ko a naɗe. Kada a tsananta zafi. Zaren da ya ƙeƙashe ƙofofinsa kan rufe, ba sa sake buɗewa ko an jiƙa shi, sai kullu ya ci duk gwajin tsarki amma ya ƙi narkewa yadda ya kamata. Kafin lodi ana auna kason da ya tsira daga ruwan soda mai ƙarfin kashi 10 da kashi 18, da toka, da ƙaro, sannan a haɗa ɗan biskos a ga yadda yake bin matata. Wannan na ƙarshen ya fi duk sauran faɗin gaskiya.

Inda kullun ke tafiya

Mafi yawansa zare yake zama, kuma ƙasar Sin ce kan gaba wajen saye. Hanyar biskos, wadda Charles Cross da Edward Bevan da Clayton Beadle suka yi wa rajista a Ingila a 1892, har yau ita ce babba. Ana jiƙa faifan a soda mai ƙarfin kashi 18, a matse, a marmashe, a bar iska ta rage tsawon sarƙa, a haɗa da kabon daisalfaid ya koma launin ruwan lemo, a narkar, a tace, a fesa shi cikin ruwan asid ɗin salfurik mai ɗauke da gishirin sodiyam da na zink, nan take ya daskare ya zama zare. Da wannan narkakken kullun ake yin selofen, da soson wanke-wanke, da rigar tsiran nama, da zaren ƙarfafa taya. Kabon daisalfaid guba ne ga jijiyoyi da zuciya, kuma ɗan zafi kaɗan ke kunna shi, don haka dole injina su kasance a rufe, a riƙa kama tururinsa ana mayarwa.

Layosel, wata hanyar yin zare, ta kauce wa wannan. Ana narkar da kullun kai tsaye a sinadarin NMMO, wanda ake maido da fiye da kashi 99 nasa. Kamfanin Courtaulds ya fara yin ta don kasuwa a garin Mobile na jihar Alabama a Amurka a 1992, da sunan Tencel. Ita kuma ba ta jure ƙarfe ko jan ƙarfe a cikin kullu, saboda suna ruguza sinadarin, zafi ya tashi har ya kai ga fashewa.

Sauran kasuwar ƙarama ce amma ta fi tsada. Asitet na shiga matatar sigari, da firam ɗin tabarau, da siririyar ledar da ke cikin allon talabijin da waya. A nan ɗan hemiselulos kaɗan ya isa ya sa leda ta yi hazo ko ta yi rawaya. CMC, wato selulos da aka sarrafa ya riƙa narkewa a ruwa, da danginsa suna kaurara abinci da man goge baki da fenti, suna riƙe ruwa a gam ɗin tayil, ana kuma zuba su a lakar haƙar rijiyar mai. Masu yin su sukan nemi doguwar sarƙa, akasin masu biskos. Garin selulos da aka karya da asid shi ke ɗaure ƙwayoyin magani, lambarsa E460 a jikin kwali. Naitiroselulos kuma yana cikin jan farce da tawadar ɗab'i da fentin katako. Kowanne da tsarki da tsawon sarƙar da yake buƙata, shi ya sa masana'anta ke fara tambayar wa zai saya kafin ta saita lambar P ta ranar.