Ga ƙannenmu na Kebbi da suka sauka Ingila: aikin gwamnati ko na kamfani?

A Birnin Kebbi, ranar da yaro ya karɓi takardar kama aikin gwamnati, har dangi daga Argungu da Yauri sai sun zo barka, ko da albashin bai taka kara ya karya ba. Fansho da garatuti ake yi wa murna. Da wannan idon yawancinmu muka sauka nan, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai ma'aunin ya ɗan bambanta.

Kwanan baya wata ƙanwarmu, nas, ta shimfiɗa mini takardu biyu a kan tabarmar falo, ɗaya daga asibitin NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati, ɗaya daga gidan kula da tsofaffi mai zaman kansa. Kuɗin awa na biyun ya ɗan ɗara, zuciyarta duk tana can. Na ce ta duba ƙasan takardar. A NHS ta Ingila, tun Afrilun 2024, hukumar tana zuba wa ma'aikaci kashi 23.7 cikin ɗari na albashi a asusun fansho. Kamfani kuwa doka ba ta tilasta masa fiye da kashi 3 ba, kuma da yawa a nan suke tsayawa. Hutu a NHS kwana 27 ne, ban da ranakun hutun ƙasa 8. A wajen kamfani, kwana 28 na iya zama duka-duka.

Game da albashi kuwa, na gwamnati a matakai yake, ƙungiyoyin ma'aikata ne ke zama su yi ciniki a kansa. Nas tana farawa daga mataki na 5, ko 'yar Landan ce ko 'yar Zuru. Wannan tsari yana ɗaga na ƙasa, yana kuma danne na sama. Shi ya sa mai shara ko mai jinya ya fi samun sa'ida a gwamnati, amma gwanin kwamfuta ko akanta kasuwarsa ta fi tsada a kamfani.

Kada ku auna mu da 'yan'uwa na Saudiyya. Can kujerun gwamnati akasari na 'yan ƙasa ne, kuma tun 2011 tsarin Nitaqat ya sa kamfanoni ma sai sun ware musu gurabe.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne biza. Idan wurin aikin da ya ɗauki nauyin bizarku ya rasa lasisinsa, zamanku ya shiga tangal-tangal. Ƙanwar tamu ta zaɓi asibitin, Litinin mai zuwa za ta fara.