Yadda za a jagoranci nazari kan mu'ujizan tanadin Allah a ƙaramin zumunci

A majami'u da dama na Sabon Tasha, Narayi, Kakuri da Barnawa a Kaduna, in an tashi wa'azi kan tanadin Allah, ayoyin da ake ɗauka kusan iri ɗaya ne: manna, abincin da Allah ya sauko wa Isra'ilawa da shi a jeji, gwauruwar Zarefat, gurasa biyar da kifi biyu. Jama'a na son jin su, domin kuɗin haya da na makaranta da tsadar mudun masara sun ishi kowa. Matsalar ita ce sau da yawa ana tsayawa a kan abincin, a manta da wanda ya bayar da shi da dalilin bayarwar. Ga tsarin da mai jagora zai iya bi cikin mako huɗu, ko a zumuntar mata, ko ta matasa, ko nazarin tsakiyar mako.

Kada ƙungiyar ta wuce mutum 12, don kowa ya samu bakin magana. Awa ɗaya ta isa: minti 15 na karatu da murya, 30 na tambayoyi, 15 na addu'a. Kowa ya riƙe nasa Littafi Mai Tsarki, ko a takarda ko a waya. Doka ta farko: a karanta sura gaba ɗaya. Aya ɗaya da aka tsinko daga tsakiya ita ke jawo yawancin kuskuren fassara.

Mako na farko, Fitowa 16. Ka zo da gora mai cin lita 2 ka ajiye a tsakiya, domin kusan haka awon omer yake, kuma shi ne rabon manna na mutum ɗaya a yini guda. Bari kowa ya ɗaga ta ya ji. Sannan ka tambaya: me ya faru da wanda ya ɓoye saura zuwa safiya? Aya ta 20 ta ce ya yi tsutsa, ya yi wari. A rana ta shida fa? An tara ninki biyu, ya kwana lafiya lau saboda Asabar. Abu ɗaya ne, yau ya ruɓe, gobe bai ruɓe ba. Ka bar su su yi ta juya wannan har su gane da kansu cewa Allah yana koya wa mutanen da suka fito daga bauta su dogara ga maganarsa kowace safiya, har su iya hutawa ba tare da fargaba ba. Maimaitawar Shari'a 8:3 ta faɗi dalilin a fili, kuma ita ce ayar da Yesu ya amsa wa Shaiɗan da ita a Matiyu 4:4, lokacin da ya ƙi mai da dutse gurasa alhali yana jin yunwa. Kada a tashi ba a buɗe Joshuwa 5:12 ba. Bayan shekara 40, da suka ci amfanin ƙasar Kan'ana, manna ta daina sauka. Noma ya karɓi wurin mu'ujiza, mai tanadin kuwa bai canza ba. Wannan ayar tana da amfani ƙwarai ga matashin da yake ganin neman sana'a ƙarancin bangaskiya ne.

Mako na biyu, gwauraye biyu: 1 Sarakuna 17:8-16 da 2 Sarakuna 4:1-7. Nan ne aka fi yin ɓarna, don haka a yi hattara. An sha ɗaukar labarin Iliya da matar Zarefat a ce wa talaka ya kawo ɗan abin da ya rage masa ga bawan Allah, wai zai ninku. Nassin bai ba da wannan izini ba. Allah ne ya aiki Iliya wurin wannan mata ta musamman, da alkawari na musamman, cikin fari. Ɗan garin abinci da man da suka rage mata ba su zama dukiya ba, ba su ƙare ba ne kawai har ruwa ya sauka. Ita kuma ba Ba'isra'iliya ba ce, 'yar yankin Sidon ce, ƙasar masu bautar Ba'al, kuma wannan ne abin da Yesu ya jaddada a Luka 4:25-26 har mutanen Nazarat suka fusata. Tambayar da za a yi: wa muke ɗauka cewa jinƙan Allah ba zai kai gare shi ba? A gari irin Kaduna, inda unguwanni suka rabu bisa addini, kada mai jagora ya tsallake ta don gudun nauyin magana.

A labarin Elisha, a lura da tsarin aikin. Matar, gwauruwa ce da ake bi bashi, ta aro tukwane wurin maƙwabta, ta rufe ƙofa, ta zuba ɗan man da take da shi, mai ya tsaya da tukwane suka ƙare. Umarnin ƙarshe: ta sayar, ta biya bashi, su ci sauran ita da 'ya'yanta. Annabin bai karɓi ko ɗigo ba.

Mako na uku, ciyar da mutum 5,000. Linjila huɗu duka sun ba da labarin, sai a raba ƙungiya huɗu: Matiyu 14, Markus 6, Luka 9, Yahaya 6. Kowace ta rubuta abin da ta gani. Markus ya ambaci ɗanyar ciyawa da tausayin Yesu ga tumakin da ba su da makiyayi, wanda ke kai mu ga Zabura 23. Yahaya kaɗai ya ambaci yaron da gurasar sha'ir, abincin talaka, ya kuma ce Idin Ƙetarewa ya gabato. Filibus, ɗaya daga cikin almajiran, ya yi lissafin gurasar dinari 200, dinari ɗaya kuwa ladan ƙwadagon yini ne, wato aikin fiye da wata shida ba zai wadatar ba. An ƙoshi, an kwashe kwando 12.

Kuskuren da aka fi yi shi ne rufe littafi a kan kwandunan. A ci gaba da Yahaya 6 har ƙarshe. Taron ya so naɗa Yesu sarki ƙarfi da yaji, ya janye zuwa dutse. Washegari ya ce musu cikinsu ne ya kawo su. Ya ce shi ne gurasar rai, ya yi maganar ba da jikinsa domin duniya, sai almajirai da yawa suka juya baya a aya ta 66. Ma'anar mu'ujizar tana nan: abincin yini ɗaya yana nuna gicciye da Jibin Ubangiji. A guji tilasta wa kowace lamba ma'ana ta ɓoye. In nassi bai fassara kifi biyu ba, kai ma ka bar su kifi biyu.

Mako na huɗu na aiki ne. A karanta 2 Korantiyawa 8:13-15, inda Bulus ya ɗauko ayar manna, wanda ya tara da yawa bai yi rara ba, wanda ya tara kaɗan bai rasa ba, ya ɗora ta a kan gudummawa ga matalautan Urushalima. A haɗa da Filibiyawa 4:11-19, a tuna cewa yana ɗaure ya rubuta ta, kuma ya ce ya san ƙoshi ya san yunwa. Wanda yake cikin rashi ba a ce masa bangaskiyarsa ce ta gaza.

Daga nan ƙungiya ta yanke abu ɗaya da za ta iya. Misali, kowane gida ya kawo mudu ɗaya na hatsi a wata, ko abin da ya samu. Mutum biyu su riƙe lissafi a rubuce, da sanin fasto ko dattawa. A kai wa mabukaci gida da yamma, ba a kiran suna a gaban jama'a, ba a ɗaukar hoto. In an bar ajiya a hannun mutum ɗaya, zargi ke shigowa ko da ya yi gaskiya, kuma in an tona asirin wanda aka taimaka, wata mai zuwa ba zai sake faɗin damuwarsa ba.