Riƙe Karatun Alƙur'ani Bayan Azumi

'Yan'uwa, da yawanmu kan sauke Alƙur'ani a watan Ramadan, amma da zarar an yi Ƙaramar Sallah sai himma ta yi sanyi. Shawarata ita ce, kafin mutum ya buɗe Alƙur'ani ya ɗan dakata, ya tuna wa zuciyarsa don wa ya zauna, domin niyyar da ake sabuntawa kullum ta fi ƙarko. Sannan a rage nauyin. Izu ɗaya a rana, rabi bayan Asuba, rabi bayan Isha'i, yana kai mutum sauka cikin kwana 60. Idan wata rana ta kuɓuce, a ɗora washegari daga inda aka tsaya, kada a tara wa kai bashi.