Darasi na 7: Juyen Baƙin Mai da Kula da Tsohuwar Mota

Duk wanda ya girma a Katsina ya san Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. Ita ta yi shekara da shekaru tana jigilar fasinja zuwa Kano, Daura, Funtuwa da Jibiya. A Faransa aka fara ƙera ta a 1968. A 1975 kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a ƙasar nan, kuma 504 ce ta fi fice a cikinsu. An daina ƙera ta tuni, amma har gobe za ka gan ta ranar kasuwar Mai'aduwa ko Charanchi, ta sha lodin buhuna, tana tafiya abinta.

Da yawanku a ajin nan direbobi ne, wasu kuma sun gaji irin wannan mota a wajen iyayensu. Injinta ba shi da kwamfuta, komai a fili yake, hannu yana kaiwa. Don haka mai ita zai iya yi mata juye da kansa a ƙofar gida. Abin da zai buƙata daga karatun da muke yi kaɗan ne: ya iya karanta lambar da ke jikin galan, ya kuma iya rubuta kwanan wata.

Aikin baƙin mai

A cikin inji ƙarfe ne ke gogar ƙarfe, sau dubbai a minti ɗaya. Baƙin mai ne ke shiga tsakaninsu don kada su ci juna. Yana rage zafi, yana kuma kwashe dattin da ke taruwa ya kai shi cikin filta. In ya daɗe yana aiki sai ya gaji, ya yi duhu, santsinsa ya ragu. A nan wajenmu ya fi saurin gajiya, saboda zafin bazara da ƙurar hunturu. Shi ya sa ake so a yi wa tsohuwar mota juye bayan kowace kilomita 5,000, ko bayan wata 6 ko da ba ta yi tafiya mai yawa ba. Motar da ke bin hanyoyin ƙauye marasa kwalta, gara a yi mata tun kafin nan.

Karanta galan kafin ka biya kuɗi

Ɗauki galan ɗin ka nemi lamba irin wannan: 20W-50. Harafin W yana nufin sanyi. Lambar farko tana nuna yadda man ke gudu da asuba, lokacin da inji bai yi zafi ba. Ta biyu tana nuna kaurinsa bayan inji ya ɗau zafi. Tsohon inji ya saki jiki, ƙarafansa sun ɗan ci, yana son mai mai kauri irin wannan. Siririn man da ake zuba wa sababbin motoci yakan sa shi yoyo ko ƙona mai.

Duba murfin galan ɗin, ka tabbata ba a taɓa buɗe shi ba. Ni dai ba na ba kowa shawarar sayen man da ake aunawa a kwalba a bakin titi. Ba ka san abin da aka gauraya a ciki ba, kuma arha ba ta ado. Injin Fijo 504 mai shan fetur yana cin kimanin lita 4.

Sai ka tanadi sabuwar filta, sabuwar wosha ta notin juye, sifana daidai da notin, daro ko tsohuwar jarkar da aka yanke, mazurari da tsumma. Wasu motocin notinsu rami ne mai kusurwa huɗu, yana da nasa makullin. Leƙa ka gani tun kafin ka fara.

Yadda ake juyen

Ajiye motar a wuri mai lebur. Tayar da ita ta yi minti 5, don man ya yi ɗumi ya saki, sannan ka kashe ta ka cire makulli. In daga doguwar tafiya ka dawo, bar ta ta huce tukuna, man yana iya sale maka hannu. Ja hanbirki, ka sa giya, ka tokare tayoyin baya da dutse.

A nan ina roƙonku don Allah ku natsu. Kada wanda ya shiga ƙarƙashin mota alhali jak kaɗai ke riƙe da ita. Jak yana zamewa, balle a ƙasarmu mai rairayi. In ka ɗaga ta, to ka tokare ta da ƙarfen tokara ko kututture mai ƙwari. Bulon siminti yana fashewa, ba abin dogaro ba ne. Ka kuma kori yara daga wurin.

Buɗe bonet ka cire murfin da ake zuba mai. Shiga ƙasa ka sa daro daidai notin da ke gindin inji. Lura da kyau, giyabos ma yana da nasa notin a can baya, kada ka kwance shi bisa kuskure. Juya sifana hagu, wato saɓanin tafiyar hannun agogo. In notin ya saki, ƙarasa da yatsu, ka janye hannu da sauri. Bar man ya tsiyaye kamar minti 10, har ya koma ɗiga.

Kada ka zauna haka nan, dubi abin da ya fito. Baƙi ba laifi ba ne, aikinsa ya yi. In ka ga ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ne ke shiga cikinsa, mai yiwuwa gasket ɗin kan inji ya ƙone. In ka murza shi a yatsa ka ga garin ƙarfe yana ƙyalli, wani abu na cinyewa a ciki. Waɗannan biyun sun wuce aikin gida, sai bakanike.

Goge notin, sa masa sabuwar wosha, ka fara ɗaura shi da hannu kafin ka kawo sifana. In ya ƙi tafiya da hannu, a karkace ya shiga, fitar da shi ka sake. Ɗaure shi ya kama, amma ban da haɗawa da ƙarfin ƙafa. Wanda ya cinye zaren noti ya jawo wa kansa aikin kwana guda.

Saura filta. Matsar da daron ƙarƙashinta, ka murɗe ta hagu ta fito. Tana da robar zobe a bakinta. Tabbata tsohuwar robar ta biyo ta. Na taɓa barin ta manne a jikin inji ban sani ba, na ɗaura sabuwar filta a kanta. Ban kai Mashi ba jar fitila ta kama, na tsaya na tarar man ya kusa ƙarewa a titi. Allah ne ya taƙaita, don da na ƙara gaba da injin ya buga. Tun daga ranar ba na ɗaura filta sai na shafa wurin da yatsa. Shafa wa robar sabuwar filtar ɗan mai, ka murɗa ta da hannu har ta zauna, sannan ka ƙara mata kamar rabin juyi ko fiye kaɗan. Hannu ya isa.

Sa mazurari ka zuba lita 3 da rabi. Mayar da murfi, ka tayar da motar ba tare da taka totur ba. Jar fitilar mai za ta mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi. In ta ƙi mutuwa, kashe injin nan take. Leƙa ƙasa ko akwai yoyo. Kashe ta, jira minti 5, zaro geji, wato ƙarfen auna mai, ka goge, mayar da shi har ƙarshe, ka sake zarowa. Yana da zane biyu, wani an rubuta MIN a na ƙasa, MAX a na sama. Ƙara mai kaɗan-kaɗan har ya kusa zanen sama. Kada ya wuce, yawansa ma yana fasa sil, wato robar da ke hana yoyo.

Tsohon man kuma, juye shi a galan ɗin da ka zazzage ka rufe. Kada a zuba shi a kwata, ko gona, ko kusa da rijiya. Kada a shafa wa dabba ko mutum a ciwo, ba magani ba ne. Masu gareji suna karɓa. Wanke hannu da sabulu.

Tun da bonet a buɗe yake

Duba ruwan lagireto, amma sai inji ya huce sarai, don tafasasshen ruwa yana tsalle fuska. Danna fanbel da babban yatsa, bai kamata ya lotsa fiye da santimita 1 ko makamancin haka ba, in kuma ya tsattsage a canja shi. Batirin da ke da murafu, tataccen ruwa marar asid (distil) ake ƙara masa, ban da na famfo. In za ka goge farin garin da ke kan kawunansa, fara cire wayar da ke da alamar ɗebewa (-). Man birki in yana raguwa kullum, akwai yoyo, kada a hau titi da ita.

Wanda aka fi mantawa shi ne matatar iska, alhali da hunturu ita ke shan wahala. In ta takarda ce, kakkaɓe ta, ko ka canja. Wasu tsofaffin Fijo tasu mai kwano ce da mai a ciki. Ita sai a zubar da man da ya zama laka, a wanke kwanon, a zuba sabo daidai zane.

Aikin aji

Kowa ya sayi ƙaramin littafi ya ajiye a aljihun motarsa. Kwafi wannan misali a shafin farko, sannan ka rubuta naka a ƙasa: Ranar 3 ga Janairu. Kilomita 62,400. Mai 20W-50, lita 4. An canja filta.

1. In an yi juye a kilomita 62,400, a wace lamba za a yi na gaba?

2. Daga Katsina zuwa Daura kimanin kilomita 80 ne. Direban da ke zuwa ya dawo sau ɗaya kullum, kwana nawa zai yi kafin ya cika kilomita 5,000?

3. Rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku: juye, filta, sifana, mazurari, lagireto.

Mako mai zuwa kowa ya zo da lambar kilomitar da ya karanto a fuskar motarsa, ko ta maƙwabcinsa, a rubuce a takarda.