Babi na Shida: Allon Kanban a Shagon Tela

Darasi na ɗaya: zana allon

Allon Kanban allo ne da ake maƙala katuna a kansa domin a ga inda kowane aiki ya tsaya. Ku samu allon katako ko kwali mai kauri, ku kafa shi a bango inda wanda yake kan keken ɗinki zai gan shi ba sai ya tashi ba. Ku ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa, domin allon ya rabu gida uku. A saman gidan hagu ku rubuta ZA A YI, a na tsakiya ANA YI, a na dama AN GAMA. Hagu shi ne ɓangaren hannun da ba ku cin abinci da shi. Waɗanda suka saba da ajami su kula, a wannan allon aiki yana tafiya ne daga hagu zuwa dama, kamar rubutun boko.

Tsarin ya fito ne daga kamfanin motoci na Toyota a ƙasar Japan, inda injiniya Taiichi Ohno ya yi aiki da shi a shekarun 1950, domin kada wani sashe ya ƙera kayan da sashen gabansa bai nema ba tukuna. Telan Garwa ko na Marwa ba ya buƙatar ya san fiye da haka.

Darasi na biyu: kati

Kowane ɗinki yana da katinsa guda ɗaya. Idan Hajiya ta kawo atamfar bikin Ranar Mata ta 8 ga Maris, ku rubuta sunanta, da irin ɗinkin, da ranar da kuka yi mata alkawari. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna, ya yanki ɗan ƙyalle daga bakin atamfar ya maƙala a jikin katin da allura, kuma babu abin kunya a cikin wannan, sannu a hankali rubutun zai zo. Sabon kati yana fara zama ne a gidan hagu. Ranar da kuka sa almakashi a yadin, ku cire wannan katin ku mayar da shi tsakiya, kada ku rubuta wani sabo.

Darasi na uku: kati uku kawai a tsakiya

A nan ne yawancin ɗalibai suke tuntuɓe, saboda haka mu bi shi a hankali. A gefen ANA YI ku rubuta lamba 3, wadda ta dace da shago mai keke biyu da mai guga ɗaya. Ma'anarta ita ce kati uku ne kaɗai za su zauna a gidan tsakiya. Ku ƙirga da yatsa: ɗaya, biyu, uku. Idan sun cika uku, ba a fara sabon ɗinki sai ɗaya ya fita zuwa AN GAMA.

A ce saura kwana goma Sallah, Alhaji ya shigo da shadda yana son babbar riga da gaggawa. Ku karɓa da hannu biyu, ku ɗauki awonsa, ku rubuta kati, ku sa shi a hagu. Sai ku dubi tsakiya ku ƙirga. Idan uku ne, shaddar Alhaji za ta jira. Ku gama kaftani ɗaya, a sa masa maɓalli, a goge shi, a mayar da katinsa dama, sa'an nan katin Alhaji ya shiga gurbin da ya buɗe.

Ku sake ƙirgawa kafin ku ɗauki almakashi. Uku ne? To, ku ajiye almakashin. Na ga alluna da kati fiye da goma suka cunkushe a tsakiya, masu su kuwa suna cewa tsarin ba ya aiki, alhali su ne suka yayyanka yadin mutane suka tara a ƙarƙashin tebur. Wannan sakaci ne, kuma shi ne yake sa tela ya riƙa ɓuya a bayan shago daren Sallah. Wanda ba zai tsaya a kan uku ba, gara ya sauke allon tun yanzu ya huta da wahalar yankan kwali.

Darasi na huɗu: katin da ya maƙale

Idan ɗinki ya tsaya saboda zare ya ƙare ko an ɗauke wuta, ku sa wa katin jar alama, ku bar shi a tsakiya. Yana cikin ukun nan.

Darasi na biyar

Idan mai kaya ya biya ya karɓi kayansa, ku cire katin daga gidan dama ku ajiye shi a gwangwani.