Tura imel da curl ba tare da kalmar sirri ta fita fili ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kula da kwamfutocin ofis da shagunan intanet a nan Damagaram. Wanda ke son na'urarsa ta riƙa tura saƙo da kanta, curl, manhajar aika bayanai ta intanet da ake buga wa umarni a rubuce, ya ishe shi:

curl smtp://sunan-sabar:587 --ssl-reqd --user sunanka --mail-from adireshinka --mail-rcpt na-mai-karɓa -T wasika.txt

A nan wasika.txt shi ne fayil ɗin da ke ɗauke da saƙon. Abin lura shi ne --ssl-reqd, wanda ke tilasta a ɓoye bayanan da ake aikawa. Da yawa suna rubuta --ssl kawai, alhali shi gwadawa yake yi. In sabar, wato kwamfutar da ke karɓar imel ɗin, ba ta amsa da ɓoyewa ba, sai ya wuce a haka, sunanka da kalmar sirrinka su bi waya tsirara. Shi kuwa --ssl-reqd gara ya fasa aikin. In sabarku ƙofar 465 take amfani da ita maimakon 587 da ke cikin umarnin, ku rubuta smtps://, ɓoyewar na farawa tun daga gaisuwa.

Don Allah kada ku manna kalmar sirri bayan sunan. Tana zama cikin .bash_history, fayil ɗin da ke ajiye umarnin da kuka buga, duk wanda ya hau kujerar bayan kun tashi zai gani. Ku ba da suna kaɗai, curl zai tambaya.

Sai -k da wasu ke ƙarawa cikin umarnin. Wannan yana damuna ƙwarai, domin cewa yake a yarda da kowace sabar ba bincike. In curl ya ƙi takardar shaidar sabar (certificate), ku fara buga umarnin date ku duba kwanan watan kwamfutarku. Tsohuwar kwamfuta mai mataccen batirin agogo, wuta na ɗaukewa sai kwanan wata ya koma baya, takarda mai kyau ta zama abin zargi.

Masu Gmail, tun 2022 kalmar sirrinku ta yau da kullum ba ta aiki a nan, ku yi amfani da kalmar sirri ta manhaja (App Password) wadda Google ke bayarwa.